Zaiba a Jikin Kifi: Sukumbiya, Tuna ko Giwan Ruwa, Wanne Za a Kai Gida?

Mai cefanen da ya ji an ce kifin teku yana ɗauke da zaiba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya daina tsayawa wajen mai kifin ƙanƙara, ya koma neman na Tiga ko na Wudil, musamman in akwai mai juna biyu a gida. Niyyar mai kyau ce, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Gishirin ruwa ko rashinsa ba shi ne yake nuna yawan zaibar da ke jikin kifi ba. Abu biyu ne suke nunawa: me kifin yake ci, kuma shekara nawa ya yi yana ci. In aka auna da wannan, sukumbiya da shawa da ake yankawa a teburan 'Yankura da Galadima, waɗanda wasu ke kallon su a matsayin kifin talaka, suna sahun gaba wajen aminci. Waɗanda ya kamata a yi taka-tsantsan da su su ne manya masu tsada.

Zaiba ita ce farin ƙarfen nan mai gudu da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti, wasu sun fi saninta da makuri. Rahoton 2018 na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa ayyukan ɗan Adam sun saki kusan tan 2,220 nata cikin iska a shekarar 2015. Kusan kashi 38 cikin ɗari ya fito ne daga ƙananan masu haƙar zinare, waɗanda suke cuɗa ta da garin dutse ta kama zinaren, sannan su ƙone ta ta tashi. Ƙona kwal ya ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Iska takan kai ta nesa, ruwan sama ya sauko da ita cikin teku da koguna, a can ƙasan ruwa kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka su mayar da ita wani nau'i da ake kira metil-zaiba. Wannan nau'in ne matsalar. Gansakuka ta tsotse shi, ƙananan halittun ruwa su ci gansakuka, ƙaramin kifi ya cinye su, babban kifi ya haɗiye ƙaramin. Kowane mataki yana gadar zaibar na ƙasa da shi, kuma jikin kifi ba ya fitar da ita sai kaɗan-kaɗan. Shi ya sa kifin da ya shekara 15 yana farautar 'yan'uwansa zai iya ɗaukar ninki 20 na abin da ke jikin wanda ya yi shekara uku yana cin ƙananan halittu.

Uwargida ta san yadda ake gyaran kifi: a wanke da lemon tsami, a zuba wa tarwaɗa ruwan zafi ko a cuɗe ta da toka yauƙin ya fita, a cire ciki da ƙaya. Duk wannan yana da kyau, yana kawar da ƙarni da datti, amma ba ya taɓa zaiba ko kaɗan. Ba a fata take ba, ba a kitse take ba. A cikin tsokar take, a manne da furotin. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta fitar da ita cikin romo, gashi da banda ma haka. Hasali ma in kifi ya tsane a wuta, ruwa ne ya tafi, zaibar tana nan. Ba ta da wari, ba ta canja launin nama, don haka babu mai gane ta da ido ko da hanci. Maganin guda ɗaya ne, a wajen saye yake.

Idan an ci, hanji yana tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari nata. Tana ratsawa ta shiga ƙwaƙwalwa, tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, har ma jinin cibiyar jariri yakan fi na uwarsa yawanta. A garin Minamata na Japan, inda aka tabbatar da cutar a 1956 bayan masana'antar Chisso ta daɗe tana zubar da dagwalonta a teku, an ga matan da kusan lafiyarsu ƙalau suka haifi 'ya'ya masu mummunar lalurar ƙwaƙwalwa. Ga babba, alamun su ne jin leɓe da yatsu sun mutu, gani ya ƙuntata ta gefe, tafiya da tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Waccan guba ce ta masana'anta, mai yawan da ba a samu a kifin kasuwa. Abin da ake gudu a cin yau da kullum ya fi wannan ɓoyuwa: ɗan tawaya a fahimta da riƙe karatu da iya magana ga yaron da ya sha ta tun yana ciki. Da sunan garin ne aka sa wa yarjejeniyar duniya ta rage zaiba suna, wadda aka sa wa hannu a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2018.

Iyakar da jiki ke ɗauka

Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya ya tsayar a 2003 cewa kada mutum ya wuce maikurogiram 1.6 a mako a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fi tsanantawa, tata iyakar 0.7 ce a mako. Ke nan matar da nauyinta ya kai kilo 60 tana da 96 a mako a ma'aunin farko, 42 a na biyu. Yaro mai kilo 15 yana da 24, ko kuma 10 da rabi. Ga mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro, mun fi son a riƙe na biyun, tunda kamar yadda lissafi zai nuna, riƙe shi ba ya hana kowa cin kifi.

Alƙaluman da za su biyo baya matsakaicin abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta auna ne tsakanin 1990 da 2012, miligiram nawa a kilo ɗaya na nama (miligiram ɗaya maikurogiram dubu ne). Kifin da ke kan tebur a Kano yana iya ɗan ɗara haka ko ya gaza, amma jerin wanda ya fi wani ba ya sauyawa. Za mu ɗauki giram 120 a matsayin ci ɗaya na babba, wato gunduwa ɗaya mai kauri da ta kai faɗin tafin hannu.

Kifin ƙanƙara

Sukumbiya, wadda ake kira titus, tana da 0.05. Gunduwa ɗaya maikurogiram 6 ke nan, ci uku a mako 18, bai kai rabin iyakar mai tsanani ba. Yaron da aka ɓantara wa giram 30 ya ci ɗaya da rabi. Ba ƙarancin zaiba ne kaɗai ya sa muke sa ta a farko ba. Maiƙon nan da ke tsatsafowa in ana soya ta yana ɗauke da omega-3, kitsen da ƙwaƙwalwa da idon ɗan tayi suke ginuwa da shi, kuma sukumbiya tana cikin kifayen da suka fi kowa yawansa. Ga sinadarin ayodin, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo, kuma mu da muke nesa da teku ba mu cika samunsa a abinci ba in ba a gishiri ba.

Sai dai a san wace sukumbiyar. Ta gaskiya bayanta shuɗi-kore ne da zane-zanen baƙi masu lanƙwasa, cikinta fari fes babu ɗigo, tsawonta bai cika wuce santimita 40 ba, nauyinta tsakanin giram 300 da 600. A jikin katan za a ga an rubuta Scomber scombrus. Tana da wata babbar 'yar'uwa da Turawa suke kira king mackerel, doguwa, mai kai mita ɗaya ko fiye, babu irin wannan zane, kuma ita tana da 0.73, kusan ninki 15. Suna ya haɗa su, abinci ya raba su. Ba a saba ganinta a katan ɗin da ke zuwa Kano ba, amma duk wanda aka nuna wa ƙatuwar gunduwa marar zane aka ce masa titus ce babba, ya nemi ganin kifin gaba ɗaya ko takardar katan.

Shawa tana da 0.08, kusan maikurogiram 10 a gunduwa, tana da maiƙo mai amfani kamar sukumbiya, kuma yawanci ta fi ta sauƙin kuɗi. Aibinta ƙananan ƙayoyi, sai an zauna an tsince wa yara. Kote ma ƙaramin kifi ne mai cin ƙananan halittu, yana cikin wannan sahu. Fanla tana wajen 0.08 ita ma, amma farin nama gare ta marar maiƙo, ta wuce ta fuskar zaiba, ba ta kai waɗancan amfani ba. Kuroka da ake gasawa a Sabon Gari suna ne da ya haɗa nau'o'i da yawa: akwai wanda aka auna 0.07, akwai mai 0.29. Tunda mai saye ba zai iya rarrabe su ba, ya ɗauki matsakaici maimakon ƙaton da ya cika faranti, mai ciki kuma ta tsaya a sau ɗaya a mako.

Na gwangwani

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don ana ganin gwangwanin da ya fi tsada ya fi kyau. Sadin yana da 0.013, wato gwangwani mai giram 125 bai wuce maikurogiram biyu ba. Babu kifin teku da ya fi shi dacewa da yara, kuma ƙashinsa da ya yi laushi sinadarin kalsiyam ne, kada a zubar. Kifin gwangwani mai miyar tumatir da aka rubuta mackerel a jikinsa daga ƙananan nau'o'in sukumbiya ake yin sa, shi ma babu damuwa.

Tuna kuwa sai an juya gwangwani an karanta. Wanda aka rubuta skipjack ko light tuna yana da wajen 0.13, maikurogiram 15 a giram 120. Sau biyu a mako bai kai iyaka ba. Wanda aka rubuta albacore ko white tuna yana da 0.35, haka ma yellowfin: giram 120 ya ba da 42 cif, ya cinye wa mace mai kilo 60 rabonta na mako guda a zama ɗaya. Bigeye ya kai 0.69, wannan a bar shi. In gwangwani bai faɗi nau'in ba, ya ce tuna kawai, a ɗauke shi a matsayin na tsakiya. Wanda abin ya fi shafa a Kano ba talaka ba ne. Mai hali ne da yake sayen tuna kwali guda a manyan kantuna don sanwic ɗin 'yan makaranta kullum safiya, da matashin da yake motsa jiki yana buɗe gwangwani kowace rana don neman furotin. Yaro mai kilo 15 in ya ci rabin gwangwanin farin tuna, giram 60, ya sha 21, ninki biyu na iyakarsa.

Manyan mafarautan teku kuwa magana a kansu gajera ce. Shak yana da 0.98, kifi mai takobi kusan 1.0, malin 0.49. Gunduwa ɗaya ta shak ta kusa 120, ta wuce har iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga mace mai kilo 60. Tarayyar Turai ta amince wa irin waɗannan su kai 1.0 a kasuwa, alhali sauran kifi 0.5 ne, su sadin da shawa da sukumbiya kuma 0.3, don haka kasancewar kifi ya cika ƙa'idar sayarwa ba ya nufin ya dace da mai ciki. Ba kasafai ake ganinsu a kasuwanninmu ba; a otal, ko a tafiya Legas ko Dubai ake cin karo da su. Namiji babba in ya ci sau ɗaya a wata ba abin tashin hankali ba ne. Mai ciki, mai shayarwa, mai shirin ɗaukar ciki da yara su haƙura da su.

Na ruwanmu

Ƙa'idar ba ta canjawa don an bar teku. Karfasa mai cin gansakuka ce, an auna ta 0.013, daidai da sadin. Tarwaɗar kiwo da ake kwashewa tana wata huɗu zuwa shida ba ta daɗe a duniya ba balle ta tara wani abu. Abin da aka auna a danginta na kiwo a Amurka 0.02 ne. Ta fuskar zaiba su biyun ba su da laifi, kuma ga shi ana samun su da rai, abin da kifin ƙanƙara ba zai taɓa bayarwa ba. Inda suka gaza shi ne omega-3 da ayodin, sukumbiya ta ninka su sau da yawa. Gidan da ya bar kifin teku gaba ɗaya ya koma karfasa don tsoron zaiba ya rage abin da dama bai kai ya cutar ba, ya kuma rasa abin da jaririn ke buƙata.

Giwan ruwa shi ne ya kamata a tsaya a kansa. Sarkin kifin ruwanmu ne, namansa fari mai kauri marar ƙaya, kuma shi ake sayo wa mai jego da baƙo na musamman. Amma mafarauci ne, kifi yake ci, yana daɗewa, yana iya wuce kilo 100. Binciken da aka yi a kansa a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka ya nuna zaibar tana hawa ne da girman kifin: ƙanana suna ƙasa sosai, manya ne suke ɗagawa. Haka tsage da babban ragon ruwa da tsohuwar tarwaɗar kogi. Saboda haka giwan ruwa mai kilo ɗaya zuwa biyu ya fi gunduwar wanda sai mutum biyu suka ɗauko shi, duk da cewa ta biyun ce ake yi wa rububi. A yi farfesun mai jego da ƙarami, ko a yi da tarwaɗar kiwo.

Inda aka kamo shi ma abin tambaya ne. Sabuwar madatsar ruwa takan ɗaga zaibar kifinta na wasu shekaru, saboda ciyayin da ruwa ya shanye suna ruɓewa suna ciyar da bakteriyar nan, sannan abin ya lafa cikin shekara 20 zuwa 30. Tiga da aka gama a 1974 da Challawa ta 1992 sun wuce wannan zango. Ruwan da ya ratso wuraren wanke zinare, irin na Zamfara da Neja da sassan Kaduna, shi ne abin gudu. A nan gida kuma, kifin kogin Jakara da madatsar Wasai da yake zuba a cikinta, da na kogin Challawa ƙasa da masana'antu, matsalarsu ta fi karkata ga dagwalon majemu da kwatamin gari, ba zaiba kaɗai ba, amma dalili ne isasshe na barin su.

Banda da busasshen kifi suna da nasu lissafin. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen kifi ruwa ne, don haka giram 40 na busasshe yana matsayin giram 120 ko fiye na ɗanye. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa a miyar kuka, da kirefish, suna can ƙasan jeri. Babban abin tsoro a banda shi ne maganin ƙwari irin su fiya-fiya da wasu marasa tsoron Allah suke yayyafawa don hana tsutsa. Bandar da ƙuda ba ya sauka a kanta a tsakiyar kasuwa, ko take warin magani, a wuce ta.

A kan kifin ƙanƙara ma, abin da ya fi saurin kwantar da mutum a Kano ba zaiba ba ce, narkewa ce. Kifin da ya taso daga tashar jiragen ruwan Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya kamata ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har ya iso. In ya narke aka sake daskarar da shi, ko ya wuni a tebur a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, sukumbiya da shawa da kote suna tara wani sinadari mai suna histamin, wanda shi ma wuta ba ta kashe shi. Cikin mintuna zuwa awa biyu da ci sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya sara, wani har da gudawa, a ce ai kifi ba ya karɓar wane. A duba: in ledar cikin katan tana da daskararren ruwa mai jini-jini a ƙasa, ya taɓa narkewa. A ɗaga murfin kunnen kifin, jajaye ake so a gani, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. A danna tsokar da yatsa, in ramin ya zauna bai taso ba, ko cikin ya fashe, a bar shi. Sayen safe ya fi na yamma.

Akwai kuma wata hanyar da zaiba ke shiga gidaje da dama ba ta tukunya ba: wasu mayuka da sabulan bilicin, musamman na haɗi marasa lambar NAFDAC. Wannan nau'in ƙoda ya fi kamawa, yana shafar jaririn da ake runguma da na ciki. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a hana mace sukumbiya alhali kwalbar man tana kan madubi.

Dalilin da ya sa muke nacewa kada a daina kifi yana cikin manyan bincike biyu. A tsibiran Faro na arewacin Turai, inda zaibar ta fito daga naman wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, an ga ɗan tawaya a gwajin ƙwaƙwalwar yaran da uwayensu suka fi ɗaukarta. A tsibiran Seshel da ke tekun Indiya kuwa, inda mata masu ciki suke cin kifin teku kusan sau 12 a mako, an bi yaran shekara da shekaru ba a ga wata illa tabbatacciya ba. Shawarar da hukumomin Amurka suka fitar a 2017, suka sabunta a 2021, a kan haka ta tsaya: mai ciki ta ci kifi mai ƙarancin zaiba sau biyu zuwa uku a mako. Yara sau biyu, wajen giram 30 ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku, giram 60 ga ɗan huɗu zuwa bakwai, giram 85 ga ɗan takwas zuwa goma.

A cefanen Kano, wannan na nufin sukumbiya ko shawa sau biyu, sannan karfasa, tarwaɗar kiwo ko sadin sau ɗaya. Jimillar ba za ta wuce maikurogiram 25 ba ko da shawa aka ci duka biyun. Makon da aka ci farin tuna ko babban giwan ruwa, a ƙyale shi a matsayin kifin makon. Wadda ta daɗe tana cin manyan kada ta firgita, kuma kada ta yaye ɗanta saboda haka, don abin da ke bi ta nono kaɗan ne, amfanin nonon ya rinjaye shi nesa. Jiki yana fitar da rabin zaibar da ke jini cikin kwana 50 ko makamancin haka, ke nan wata biyar zuwa shida da sauya kifi ya isa ya sauke mafi yawanta, shi ya sa ya fi kyau amarya ta fara gyara zaɓinta tun kafin ciki ya shiga. Wanda kuma yake jin mutuwar yatsu ko leɓe, ga tarihin yawan cin manyan kifi ko aikin zinare, ya je asibiti ya faɗa wa likita wannan tarihin da bakinsa. Ana auna zaiba a jini da gashin kai, ta masu aikin zinare da masu bilicin kuma a fitsari.